Rubutun Manhaja Ma Yana Da Rariyarsa: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Nema Kafin Ya Biya

ABUJA: Ɗan kasuwar da ya ba da kwangilar gina masa shafin intanet, ko manhajar lissafin ciniki, abin da yake gani ranar da aka miƙa masa aiki shi ne fuskar shafin, wato launi da hotuna da wuraren dannawa. Amma abin da ya biya kuɗi a kansa shi ne dubban layukan umarni da ke bayan wannan fuska, waɗanda da wuya ya taɓa buɗe su, in ma ya buɗe ba zai gane abin da suke cewa ba. Tsarin wannan rubutu ne zai yanke hukunci ko manhajar za ta yi shekaru tana aiki ana yi mata ƙananan gyare-gyare, ko kuwa bayan ɗan lokaci sai an rushe ta an sake sabuwa da sabon kuɗi.

Mazauna Mpape, a Ƙaramar Hukumar Bwari da ke Babban Birnin Tarayya, sun san irin wannan matsala ta wata fuskar. Sunan garin kansa yana nufin dutse a harshen Gbagyi, kuma daga duwatsunsa aka fasa tsakuwa mai yawa da aka gina Abuja da ita tun kafin gwamnati ta taso daga Legas a watan Disamba na 1991. Mai sayen tifa guda ta tsakuwa ba ya iya bin duwatsun ɗaya bayan ɗaya yana aunawa. Abin da ya dogara a kai shi ne rariyar ƙarfe da ke jikin injin fasa dutse, wadda take ware rabin inci daban, inci ɗaya daban, garin dutse daban. Saboda akwai wannan rariya ne injiniyan da ke gini a Maitama zai aiko da saƙo a kawo masa tsakuwa mai girma kaza, a kuma kawo masa ita ba tare da gardama ba.

Masu rubuta manhaja ma suna da irin tasu rariyar, kuma ta kai kusan shekaru hamsin da ƙirƙirowa. Wata manhaja ce da ake ba ta rubutun umarnin da mutum ya yi, ta bi shi layi-layi ba tare da ta sa shi aiki ba, sannan ta fito da jerin wuraren da ya saɓa wa ƙa'idojin da aka shimfiɗa mata. Tun bayan ƙarancin takardun naira na farkon shekarar 2023, lokacin da jama'a suka koma biyan kuɗi ta waya da na'urar POS, ƙananan masana'antu da makarantu masu zaman kansu da shagunan magani sun ƙara shiga harkar shafukan intanet da manhajojin karɓar kuɗi. Don haka batun ya tashi daga na masana na'ura mai ƙwaƙwalwa kaɗai, ya zama na duk wanda zai sa hannu a takardar kwangila.

Asalin Rariyar

A shekarar 1978 ne wani masani mai suna Stephen C. Johnson, na cibiyar binciken Bell Labs a Amurka, ya rubuta manhajar farko ta irin wannan aiki domin harshen kwamfuta da ake kira C. Ya sa mata suna Lint, kalmar da ke nufin ɗan burbushin zaren da ke maƙalewa a jikin tufa, wanda ba ya hana sa riga amma yana ɓata ta. Sunan ya bi dukkan manhajojin da suka biyo baya. A 2002 Douglas Crockford ya fito da JSLint domin JavaScript, harshen da kusan kowane shafin intanet ke amfani da shi, sannan a 2013 Nicholas Zakas ya fito da ESLint, wadda ta fi karɓuwa saboda tana barin kowane kamfani ya zaɓi ƙa'idojin da yake so ya kuma ƙara nasa. A 2017 aka samu Prettier, wadda ita ba ta tsaya ga nuna kuskuren tsari ba, da kanta take sake jera rubutun ya koma salo ɗaya.

Sauran harsunan ma suna da nasu. Masu amfani da Python suna bin wata takardar ƙa'ida da ake kira PEP 8 tun 2001, masu amfani da PHP kuwa, harshen da aka gina WordPress da shi, suna da ƙa'idar PSR-12 ta 2019. Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya riƙe a nan shi ne, duk waɗannan da aka ambata kyauta ne. Ba a sayen lasisinsu, kuma ɗora su a kan sabon aiki ba ya ɗaukar ƙwararre wuni guda.

Abubuwan da suke dubawa iri-iri ne. Akwai na tsari zalla, kamar tsawon layi da tazarar da ake bari a farkonsa. PEP 8 ta ce kada layi ya wuce haruffa 79, adadin da ya samo asali daga katin huji na kamfanin IBM mai gurabe 80, wanda aka daina amfani da shi tuntuni amma al'adarsa ta zauna. Akwai na tarkace, kamar wurin ajiyar bayani da aka buɗe aka ba shi suna amma ba a taɓa amfani da shi ba, ko layukan da aka rubuta a inda kwamfuta ba za ta taɓa isa gare su ba. Akwai kuma na sarƙaƙiya. Tun 1976 Thomas McCabe ya fito da hanyar ƙirga rassan da ke cikin sashe guda na manhaja, wato wurare nawa ne ake cewa in kaza ne a yi kaza, in ba haka ba a yi kaza, ya kuma ba da shawarar kada su wuce 10. Sashen da rassansa suka kai 40 ko 50, ko wanda ya rubuta shi ba zai iya riƙe shi a ka ba bayan wata shida.

Batun Suna

Inda aka fi samun amfani, kuma inda aka fi samun gardama, shi ne wajen raɗa suna. Kowace manhaja cike take da ƙananan wuraren ajiya, kowanne da sunan da marubucin ya ba shi: wannan na farashi, wancan na sunan mai saye, wancan na ranar biya. Kwamfuta ba ruwanta da ma'anar suna. Ko an kira wurin ajiyar farashi x, ko an kira shi farashinTifa, aiki ɗaya za ta yi. Sunan domin mutum ake sa shi, mutumin da zai zo daga baya ya karanta.

Akwai salo biyu da suka fi shahara wajen haɗa kalmomi a suna guda, tun da ba a barin fili a tsakaninsu. Na farko ana fara kowace sabuwar kalma da babban harafi, kamar farashinTifaKobo, ana kuma yi masa laƙabi da salon raƙumi saboda manyan haruffan sun yi kama da tozo. Shi ne al'adar masu JavaScript. Na biyu ana raba kalmomin da ɗan layi a ƙasa, kamar farashin_tifa_kobo, ana ce masa salon maciji, kuma shi ne al'adar masu Python. Babu wanda ya fi wani a cikinsu. Aibin shi ne a gauraya su a aiki guda, domin kuwa a wurin kwamfuta farashinTifa da farashin_tifa wurare biyu ne daban, kuma marubucin da ya zuba kuɗi a ɗaya ya je nema a ɗayan ba zai samu komai ba. Manhajar tantancewa tana kama wannan nan take.

Alal misali, a ɗauka wani dillalin tsakuwa a Mpape ya sa an yi masa shafin da masu gini za su riƙa yin oda suna biya ta kati. Kamfanin Paystack, ɗaya daga cikin manyan masu karɓar kuɗi ta intanet a Nijeriya, yana karɓar adadin kuɗi daga manhaja ne da kobo, ba da naira ba. Wanda zai karɓi naira 250,000 sai ya aika da lamba 25,000,000. Wasu kamfanonin kuma da naira suke karɓa. In marubucin farko ya kira wurin ajiyar da sunan kudi kawai ya tafi abinsa, wanda ya gaje shi ba shi da hanyar sanin naira ce a ciki ko kobo sai ya bi sawun lissafin tun daga tushe. In ya yi zato ya kuskure, ko dai a cire wa mai saye naira 2,500 a kan tifar naira 250,000, ko kuma a nemi cire masa naira miliyan 25. Na farkon ya fi haɗari, don kuwa babu mai sayen da zai kira ya yi ƙorafi, sai ƙarshen wata dillali ya ga littafinsa ya ƙi daidaita. Haruffa huɗu ne rak, wato Kobo a ƙarshen sunan, za su toshe wannan ƙofa.

Kada a ɗauka ƙananan marubuta kaɗai ke faɗawa wannan rami. A watan Satumba na 1999 hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter, wanda aka ƙiyasta kuɗinsa a kan dala miliyan 125, saboda manhajar kamfanin Lockheed Martin tana fitar da lissafin ƙarfin tura kumbon da ma'aunin fam, ita kuwa manhajar NASA tana ɗaukarsa a matsayin ma'aunin niyuton. Lambobin suna tafiya daga wannan manhaja zuwa waccan, babu abin da ke jikinsu da ke nuna ma'auninsu.

Akwai wata matsalar da ta keɓanta ga masu rubutu da Hausa. Harsunan JavaScript da Python na yanzu suna karɓar haruffa masu ƙugiya a cikin suna, don haka mutum yana iya rubuta kuɗi ko ƙima yadda suke. Sai dai a wurin kwamfuta kuɗi da kudi sunaye biyu ne, kuma ba kowane allon rubutu ke da waɗannan haruffa ba. Abin da ya fi dacewa shi ne masu aikin su zauna tun farko su yanke shawara, da Hausa za a raɗa sunaye ko da Turanci, da ƙugiya ko babu, sannan a rubuta shawarar cikin ƙa'idojin manhajar tantancewa ta riƙa tilasta ta. Mai kasuwar da ke sa ran wata rana zai ɗauki ma'aikaci daga Enugu ko Ibadan, ko ya sayar da kamfaninsa, yana da dalilin zaɓar Turanci. Wanda dukkan ma'aikatansa Hausawa ne yana iya zaɓar Hausa. Abin da ba shi da uzuri shi ne rabi da rabi.

Lissafin Riba Da Asara

Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin irin wannan kasuwa. A 1970 George Akerlof, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 2001, ya yi bayanin abin da ke faruwa a kasuwar tsofaffin motoci, inda mai sayarwa ya san lafiyar motar amma mai saye bai sani ba. Tun da mai saye ba ya iya bambance mai kyau da maras kyau, ba zai yarda ya biya kuɗin mai kyau ba, sai masu motoci masu kyau su janye, kasuwa ta cika da gwanjon da ba shi da lafiya. Haka abin yake a kwangilar manhaja. Marubucin da ya ɓata lokaci yana tsara rubutunsa da wanda ya yi aikin gaggawa, shafukansu iri ɗaya ne a ido ranar miƙa aiki, kuma na biyun ya fi araha. Muddin mai saye ba shi da ma'auni, mai gaggawa ne zai riƙa cin kwangila. Rahoton manhajar tantancewa ma'auni ne da mai saye zai iya karantawa ko da bai san harshen kwamfuta ba, domin a ƙarshensa adadi ne: kurakurai kaza, gargaɗi kaza.

Dalilin da ya sa wannan ya zama batun kuɗi shi ne, ginin manhaja ba shi ne babban kashin abin da take ci ba. Robert Glass, a littafinsa na 2002 kan aikin injiniyancin manhaja, ya nuna cewa gyara da kulawa bayan an gama gini suna cin kashi 40 zuwa 80 cikin 100 na dukkan kuɗin da za a kashe wa manhaja a rayuwarta. Mafi yawan lokacin mai gyara kuwa ba a rubutu yake tafiya ba, a karatu ne, yana ƙoƙarin gane abin da na gabansa ya nufa. Tun 1992 Ward Cunningham ya kwatanta aikin gaggawa da cin bashi: ana samun biyan buƙata yau, amma kowane gyara na gaba sai an biya kuɗin ruwa. A 2022 ƙungiyar CISQ ta ƙiyasta cewa rashin ingancin manhaja ya jawo wa Amurka asarar dala tiriliyan 2.41. Ba a buƙatar irin wannan adadi a Nijeriya kafin a gane hoton. Ya isa a tambayi mai makarantar da aka ce masa ƙara gurbi guda a takardar sakamakon jarrabawa zai ci kusan kuɗin sabuwar manhaja.

Bugu da ƙari, masu wannan sana'a ba sa zama wuri ɗaya. A 2022 an yi ta ba da rahoton yadda ƙwararrun ma'aikatan kwamfuta ke barin bankunan ƙasar nan zuwa Ingila da Kanada, ko kuma su zauna a gida suna yi wa kamfanonin waje aiki ana biyansu da dala. In banki bai iya riƙe ma'aikacinsa ba, ƙaramin ɗan kasuwa bai kamata ya gina lissafinsa a kan cewa yaron da ya yi masa shafi bana zai same shi baɗi ba. Wani ne zai gaji aikin, kuma mai yiwuwa sabon hannu ne, musamman ganin shirin 3MTT da Ma'aikatar Sadarwa ta ƙaddamar a 2023 da nufin horar da matasa miliyan uku. Sabon hannu yana iya ci gaba da rubutu mai tsari. Rubutu maras tsari kuwa shawarar da zai bayar ita ce a rushe. Jihar New Jersey ta Amurka ta ɗanɗana wannan a watan Afrilu na 2020, lokacin da gwamnanta Phil Murphy ya fito yana neman waɗanda suka iya tsohon harshen COBOL, saboda manhajar biyan marasa aikin yi ta kasa ɗaukar cunkoson lokacin annobar korona.

Iyakar Abin Da Take Iyawa

Rariyar injin fasa dutse tana auna girman tsakuwa ne, ba ta auna ƙarfinta. Manhajar tantancewa ma haka take. Za ta iya hana suna mai harafi ɗaya, ta tilasta salon raƙumi, amma ba za ta san cewa wurin da aka kira farashinTifa ainihin kuɗin haya aka zuba a cikinsa ba. Ba za ta san an lissafa harajin VAT a kan kashi 5 maimakon kashi 7.5 da ake bi tun watan Fabrairu na 2020 ba. Wannan aikin gwaji ne da kuma idon mutum na biyu. Marubuci maras gaskiya kuma yana iya kashe ƙa'idojin da suka dame shi, ya kawo rahoto fari fat, don haka rahoton ba shi da daraja sai an ga jerin ƙa'idojin da aka yi aiki da su.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauke ta a matsayin kayan ado. A watan Fabrairu na 2014 kamfanin Apple ya fitar da gyaran gaggawa bayan an gano cewa wani layi guda da aka maimaita sau biyu a manhajar tsaron wayoyinsa yana sa a tsallake binciken da ke tabbatar da sahihancin shafin da mutum ya shiga. Layin ya zauna a jere da ɗan'uwansa kamar yana ƙarƙashin sharaɗi guda, alhali ba haka ba ne. Ƙa'idoji biyu na yau da kullum, ta tilasta rufe kowane sharaɗi da baka, da ta nuna layukan da ba za a isa gare su ba, kowacce za ta iya tona shi. A JavaScript ma akwai irin wannan tarko: in 500 ta shigo daga shafi a matsayin rubutu aka haɗa ta da 100, amsar da za a samu ita ce 500100, ba 600 ba. Harshen TypeScript da Microsoft ya fitar a 2012 yana kama wannan muddin an bayyana cewa lamba ake sa ran samu.

Shigowar manhajojin da ke rubuta umarni da kansu, irin su GitHub Copilot na 2021 da ChatGPT na ƙarshen 2022, ta ƙara wa batun nauyi. Yaro yana iya fitar da layuka dubu a wuni, waɗanda shi kansa bai karanta rabinsu ba.

Hukumomin Gwamnatin Tarayya suna da mai tsaron ƙofa, tun da ana buƙatar su nemi amincewar Hukumar Bunƙasa Fasahar Zamani ta Ƙasa, NITDA, wadda aka kafa a 2001 aka kuma yi mata doka a 2007, kafin su fara manyan ayyukan kwamfuta. Ɗan kasuwa mai zaman kansa ba shi da wani mai tsaro sai takardar kwangilarsa, don haka a cikinta ya kamata a rubuta komai. A ambaci sunan manhajar tantancewa da ƙa'idojin da za a bi tun kafin a fara aiki, domin ɗora ta a kan aikin da ya riga ya yi nisa yakan fito da dubban gargaɗi da babu mai haƙurin bi. A ajiye rubutun a ma'ajiya irin ta GitHub, a asusun da ke ɗauke da sunan mai kasuwar ba na marubucin ba, a kuma saita ta yadda duk lokacin da aka ƙara sabon rubutu binciken zai gudana da kansa, ya nuna kore in an tsallake, ja in an faɗi. Sannan a riƙe wani kaso na kuɗin kwangila, kamar yadda ake yi wa 'yan kwangilar gini, har sai wani marubuci na daban ya buɗe ma'ajiyar, ya gudanar da binciken a tasa kwamfutar, ya kuma iya yin ƙaramin gyara guda ba tare da ya kira na farkon a waya ba.